Starlet ba kamiyo ba ce: a daina yi wa ƙananan motoci bene

Maganar lodin mota da muka taɓo a rediyo makon jiya, lokaci bai bari an ƙarasa ta ba, kuma waya ba ta daina ƙara ba har bayan an rufe shirin. Wasu sun ce na tsokani masu walda. Wasu sun ce na raina talaka. Wani bawan Allah cewa ya yi: «Kai ɗan rediyo, mi ka sani ga mota?» To ga ta nan a rubuce, kowa ya karanta a natse, wanda ke da ja ya zo da hujjarsa.

Abin da na faɗa ina nan a kansa. Mutumin da ya kai ƙaramar mota wurin mai walda aka ɗora mata karagar ƙarfe a sama, wadda muke ce wa fot-bagaji, ƴan uwanmu na Najeriya su ce kariya, sannan ya jibga mata buhu biyu na hatsi, ya zuba iyalinsa a ƙarƙashi ya hau kwalta, caca yake yi da rayukan mutane. Mu kuma da ke tsaye muna kallo muna cewa «kai, motar nan akwai ƙarfi», da mu ake yi.

Ku tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Dan Isa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, ko jajibirin Salla, ko makon da aka ba da hutun lakkol. Za ku ga tsohuwar Starlet, ko Golf, ko Corolla ta taho hancinta a sama, bayanta yana sharar ƙasa. A sama akwai buhun hatsi, katifa, akwatin ƙarfe, tabarmi, wani lokaci har da rago a ɗaure yana kuka. But ɗin baya a buɗe, an ja shi da igiyar roba ta tsohon tib, ƙafafun yara biyu suna reto. A ciki mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, jariri a cinya. Kuma sau da yawa ba motar haya ba ce hwa. Motar gida ce, maigida ne da kansa a kan sitiyari, za shi kai iyali biki Tasawa, ko gaisuwa Katsina, ko hutu wurin kakanni. Ƴan haya ma ina da magana da su, amma yau da maigida nake, saboda shi ba wanda ya tilasta masa cika kuɗin balas.

Mu fara da lissafi, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. Kowace mota tana da takardarta, kart-giriz. A ciki akwai nauyin motar in ba kowa ba komai, akwai kuma nauyin da bai kamata ta wuce ba in an cika ta, wanda ake rubutawa PTAC. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne iyakar abin da aka yarda ta ɗauka, kuma mutane suna cikin wannan lissafi, har da direba. A ƙananan motoci irin namu abin yana kaiwa kilo 400 zuwa 500. A ce taka 450 ce. Manya biyar, kowa kilo 70, an tashi 350. Saura 100. Buhun hatsi guda, tiya 40, ya cinye sauran kaf. Ba a sa akwatin Hajiya ba, ba a sa bido biyu na ruwa ba, alhali kowane bido mai lita 25 kilo 25 ne cif, ba a sa shinkafa ba, ba a sa rago ba, ba a ƙirga yara uku da aka ce «ai yara ne, ba su da nauyi» ba. Kafin a fita daga ƙofar gida an wuce iyaka da kilo 200 ko 300, kuma ba wanda ya lura, saboda idonmu wuri yake dubawa. In da sauran wuri, a ganinmu da sauran dama.

Nan ne yaudarar take. Karagar sama wuri take ƙarawa. Birki yana nan yadda yake, taya tana nan, ƙafar mota tana nan, injin yana nan, kuma dukkansu sun tsufa. Irin Starlet ɗin da muka sani an daina ƙera ta tun 1999. Ke nan wadda ta fi kowace ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25, ta yi rayuwarta ta farko a Turai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Lome, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta zo naka. Wannan tsohuwa ce za ka ɗora wa abin da ko tana sabuwa ba a yarda ta ɗauka ba?

Rufin mota kuma yana da tasa iyakar daban. Masu ƙera ƙananan motoci galibi kilo 50 zuwa 75 suke yarda a ɗora a sama, kuma nauyin ita karagar yana ciki. Yanzu ku tuna irin karagar da ake yi mana, ta rodin gini da ƙarfen kwana, wadda sai mutum biyu sun kama ake ɗaga ta. Ita kaɗai ta ci rabin rabon. Buhu guda na kilo 100 ya wuce iyakar tun ba a haɗa da ita ba.

Mu mutanen bakin tafki bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ku tambayi kowane masunci a tafkin Madarumfa inda ake sa kaya a kwalekwale. A ƙasa ake sa su, a tsakiya, kuma ba a miƙewa tsaye. Yaron da ya miƙe, tsawa zai sha kafin ya gama miƙewa, don kowa ya san nauyi in ya hau sama, jirgi kifewa yake. Mota ma haka take. Muddin ana tafiya miƙe ba abin da za ka ji. Ranar da akuya ta faɗo hanya, ko ɗan kabu-kabu ya yanko ba sigina, ko ka kauce wa rami ka murɗa sitiyari da sauri, ƙasan motar zai bi umarninka, kayan sama kuma su ci gaba da tafiyarsu inda suka nufa. Sai motar ta karkata, tayoyin gefe guda su saki ƙasa. Daga nan ba direba kuma, kowa fasinja ne.

Sannan yawancin motocin nan da ƙafafun gaba suke ja, da su suke juyawa, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. In ka danne baya da kaya, gaba ya yi sama, ka rage wa ƙafafun da ke riƙe da ranka kamun ƙasa. Shi ya sa sitiyari ke yin sakwaf a hannu. Da dare kuma fitilunka sama suke haskawa, kai ba ka ganin rami, mai tahowa kuma ka kashe masa ido.

Yanzu ga masu walda, waɗanda suka ce na taɓa abincinsu. Ƴan uwana, ina girmama sana'arku. Ƙofofinmu, gadajenmu, amalankenmu, garmar shanu, duk daga hannunku suke fitowa. Amma ku faɗa mini gaskiya: in mutum ya kawo mota ya ce a yi mata karaga, wa ke tambayar kilo nawa rufin yake ɗauka? Tambayar da ake yi ita ce «buhu nawa kake so ta ɗauka, Alhaji?» Sai a huda rufi, a ɗaure da noti, ko a like ƙarfe a jikin ginshiƙan da ke tsakanin gilasai. Ginshiƙan nan su ne ke hana rufi ya murƙushe mutane in mota ta kife. An huda su, an ƙona su da wuta, damina ta zo ruwa ya shiga, tsatsa ta ci daga ciki inda ido ba ya gani. Kun yi aiki mai ƙarfi, ban musa ba. Karagar za ta fi motar daɗewa. Matsalar ke nan.

Makanikai ma suna da nasu kason. Mota ta zauna saboda lodi, sai a ce a ƙara mata resor, ko a sa na babbar mota, ko a cusa guntun taya tsakanin zoben resor don ta miƙe. Ta miƙe kuwa, ta yi kyau a ido. Amma zaman nan da take yi shi ne bakinta, da shi take gaya maka kaya sun yi yawa. Ka toshe mata baki, ka bar nauyin yana nan a kan bodi da taya da birki. Jaki ya fi mota sa'a, shi in an wuce masa ƙima durƙushewa yake, ko za a kashe shi da duka ba ya tashi.

Bari in daɗe kaɗan a kan taya, don a nan ne mutane da yawa suke mutuwa ba su san dalili ba. Ku je ku duba gefen tayarku. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, kamar 79T ko 82T. Lambar nan nauyin da taya guda za ta iya ɗauka take nufi: 79 kilo 437 ne, 82 kilo 475, kuma wannan in iska ta cika daidai. Motar da nauyinta ya kai kilo 1500 da lodi, aka tura 900 ko fiye a baya, kowace tayar baya tana bakin iyakarta ko ta wuce. Akwai kuma wasu lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi tayar a mako na 23 na 2014. Masu ƙera taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko da zanenta bai goge ba, saboda roba bushewa take. Mu kuwa ƴar Kwatano muke saye, mu duba zane, mu buga da hannu mu ce «wagga da saura». To haɗa tsohuwar taya, da lodin da ya wuce ƙima, da iskar da ba a auna ba, da kwaltar watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Taya tana lanƙwasa tana miƙewa sau dubbai, tana ɗaukar zafi, har ta fashe. In ta baya ce ta fashe, ga buhu a sama, ana gudun 90, sai dai a ce Allah ya jiƙan rai.

Gudun ma ba mu san girmansa ba. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. A gudun 90 ya zama kamar mita 30 da ɗoriya. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ninkuwa yake sau huɗu. Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota, turmi ne, tukunyar gas ce, akwati ne, a lokacin karo tafiya yake da wannan gudun zuwa ƙeyar na gaba. Igiyar robar da aka ɗaure buhu da ita tana miƙewa, aikinta ke nan. Birki guda mai ƙarfi, buhun ya zamo ta gilashin gaba, ko ya faɗa kan mai babur da ke biye.

Abu biyu ne ba zan yi musu sassauci ba ko kaɗan. Na farko sa yara a but. Wurin nan an yi shi ne ya lotse in an bugi mota ta baya, don ƙarfin bugun ya ƙare a can kada ya kai ga mutane. Wanda ya zaunar da ɗansa a ciki ya sa shi daidai inda aka tanada don murƙushewa, ga hayaƙin salansa yana shaƙa tun daga Madarumfa har inda za a je. Akwati yana kan kujera, yaro yana but. Wane irin lissafi ne wannan, jama'a? Na biyu bidon esansi. Tun zamanin da man ƴan ruwa-ruwa ke da araha muka saba da ɗaukar guzurin mai, kuma ko bayan Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 al'adar ba ta bar mu ba, don tsoron rashin mai a hanya. Bidon roba cike da esansi, a rana, a saman mota ko kusa da yara, hatsarin da za a fita da karaya yana mayar da shi gobara.

Na san amsar da ke bakin mutane da yawa, an ma faɗa mini ita a waya: talauci. Mai ba araha, kuɗin mota ba araha, ba kowa ke iya tafiya biyu ba, kuma ƙauyuka da yawa ba motar da ke shiga sai ranar kasuwa. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya zauna a ofis mai sanyi a Yamai ya ce mutanenmu jahilci ke sa su lodi, bai san ƙasar ba. Rimbo da STM da sauran manyan motoci kwalta suke bi, ba sa kai ka ƙofar gidan kakarka a bayan Gabi. Amma mu ƙarasa lissafin talaucin har ƙarshe mana. Mota mai kaya a sama ta fi shan mai, saboda iska take tura wa kamar bango. Amortisar na mutuwa, bodi na tsagewa, taya na ƙarewa kafin lokacinta. Wannan in an isa lafiya ke nan. In ba a isa ba, a ɗauko mutum zuwa likitar Madarumfa, a wuce da shi Maraɗi, a sayi magani, a yi hoto, a sayar da tunkiya, a jinginar da gona. Maigidan da ya karye a baya, gidan gaba ɗaya ne ya karye. Mai kuɗi in ya yi hatsari yana da abin jinya. Talaka ne bai da halin yin hatsari, don haka shi ya fi kowa buƙatar ya isa lafiya. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, rabin kayan nan ba talauci ya ɗora su ba, kunya ce. Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Wance ta je da buhu, ni ba zan je da tiya biyar ba. Iyayenmu mata, Inna, Hajiya, ku yi mini haƙuri, da ku nake a nan. Sau nawa direba ke cewa kaya sun isa, a ce masa «haba ɗan nan, wanga ɗan ƙunshi ne kawai»? Ƙunshi bayan ƙunshi har mota ta durƙusa. Shi kuma yaro ba ya iya musu da uwa ko gwaggo a gaban mutane, sai ya haɗiye ya tayar da mota. In ɗanku ya ce ya isa, ku sa masa albarka, jikokinku yake karewa. Mu maza kuma namu ya fi muni, don namu fariya ce: a ga motar Alhaji ta shigo gari da kaya har sama. Zumunci a ƙafa yake, haka Hausawa suka ce, ba su ce a buhu ba.

Hanyoyi kuwa suna nan. Yau akwai NITA, akwai Amana, kusan kowane babban gari. Hatsin da za ka ɗauka daga nan zuwa Damagaram ko Ƙonni, aika kuɗin a saya a can, ko da ya ɗan fi tsada, bambancin bai kai kuɗin taya guda ba. In kayan gona ne naka na kanka kake so su ci, ba shi ga kamiyo ko motar kasuwa kwana biyu kafin tafiya, ko ka kai tashar manyan motoci a Maraɗi a yi masa takarda. In tafiyar kusa ce, dogon baro yana nan, aikinsa ke nan. In mutane sun fi kujeru yawa, wasu su bi motar haya. Ba a taɓa fasa ɗaurin aure don ƙanen ango ya iso da Hiyas ba.

Wani dattijo ya kira ya ce su a zamaninsu da Fijo 504 suke zuwa har Kano da mutum tara da kaya a sama, ga su nan da ransu. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma 504 mai dogon baya, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, an yi ta da layin kujeru uku da ƙafar baya mai ƙarfi, don iyali da kaya. Starlet an yi ta ne don ma'aikaci ya je aiki ya dawo, matarsa ta je cefane. Sannan hanyoyin da ba su barin a yi gudun yau. Kuma, Baba, waɗanda suka rage ne ke ba da labari. Waɗanda 504 ta kife da su ba sa kiran rediyo.

Sai masu cewa ƙaddara. Wallahi na yarda da ƙaddara, ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe da dare ya ce in an ƙaddara sata za a yi ba. Kuɗi muna kulle su, iyali kuma mu bar wa ƙaddara. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya da riƙo da sababi, kuma rai amana ne. Ina roƙon limamanmu su sa wannan a huɗubar Juma'ar da ke gaban Salla, don maganarsu ta fi tawa shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka tana da kusan kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan nata ne. Ƙaddara ba ta fi son Afirka ba. Akwai abin da muke yi.

Ga wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen bakin iyaka. Kowa ya san halin da yankin Gabi da Safo da gefen dajin Baban Rafi suka shiga a shekarun nan, na ɓarayin shanu da masu satar mutane. Motar da aka yi wa lodin wuce ƙima ita ce ke tsinke ƙafa ko ta yi zafi ta tsaya. Lodi kuma yana cin lokaci, an ce za a tashi da hantsi, ba a tashi ba sai bayan la'asar. Ka tsaya da mata da yara a daji, magariba ta yi, ga kaya a sama ana hangowa daga nesa. Ko wannan kaɗai ya isa mutum ya rage kaya ya yi sammako.

Ƴan boko ƴan uwana, ku ma kada ku yi dariya. Na ga yayin da ya shigo na akwatin roba mai kama da kwalekwale da ake ɗorawa a saman mota, ana gani a Facebook da TikTok ana yin oda. Ya fi karagar rodi sauƙin nauyi, ya fi ta kyau, ba ya kama iska sosai. Amma iyakar rufin ba ta canza ba don akwatin ya zo daga Dubai. An yi shi ne don tufafi da barguna. Wanda ya cika shi da shinkafa da galan na mai, shi da mai karagar rodi duk ɗaya ne, sai dai shi ya fi kashe kuɗi. Haka ƴar tirelar da wasu ke ja a baya: in maƙalarta waldar bakin hanya ce, ba fitila, ba sarƙar tsaro, ranar da ta kwance ita kaɗai za ta tafi neman wanda za ta kashe.

Hukuma fa? Muna da dokar hanya ta 2014, muna da ANISER da aka ɗora wa kula da lafiyar hanya, muna da bizit teknik, muna da shingaye. Motar da na kwatanta a sama ba ta sama take bi ba, ta gaban shingayen nan take wucewa, kuma ba a buƙatar sikeli kafin a gane but a buɗe da yara a ciki. In an duba takardu an ga sun cika an ɗaga igiya, takarda aka tsare, mutane an bar su. In kuma tara za a ci a bar motar ta wuce da kayanta, to an sayar mata da izini ne kawai. Abin da nake nema mai sauƙi ne: a sauke. A sauke buhun, a fito da yaron daga but, maigida ya nemi yadda zai yi. Mutum ya sha wannan sau ɗaya a gaban iyalinsa, ba zai sake ba, kuma labari zai riga shi isa gari. Na ji masu cewa a jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, zai rage lodi. Allah ya kawo shi. Amma jirgi ba zai kai gara ƙauye ba, kuma Salla ba ta jiran jirgi.

Ban ce a cire kowace karaga a jefar ba. Katifa, tabarmi, jakar tufafi, abin da ke da girma ba nauyi, shi ne na sama, a ɗaure da igiya mai ƙarfi gaba da baya, a tsaya bayan ƴan kilomita a ƙara ja. Mai nauyi ya sauka ƙasa cikin but, a tura shi ya jingina da bayan kujera. A je wurin mai faci a auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya. Kowane mutum da kujerarsa. In da kaya a sama, a rage gudu, a shiga kwana a hankali.

Masu walda kuma, tunda kun ce in kawo mafita maimakon suka, ga ta. Ku zauna da shugabannin sana'arku da sindikan direbobi, mairi ta shiga tsakani, ku yarda a kan abu uku: karagar ƙaramar mota a yi ta da bututu mara nauyi, a daina huda ginshiƙai, kuma kowace karaga in an gama a rubuta mata a gefe da manyan baƙaƙe, KILO 50, inda Hajiya da maigida da na bakin shinge duk za su gani. Gwangwanin fenti guda ya ishi karaga ɗari.